Digiri na biyu a injiniyanci: wa zai biya, kuma me za a tambaye ku

Assalamu alaikum ƙannenmu na Aboabo, Asawase da Sabon Zango, musamman waɗanda suka gama KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ko suke hidimar ƙasa yanzu. Mu da muke nan Jamus, da 'yan uwanmu na Amurka da Kanada, tambaya ɗaya muke ta samu daga gida: wace jami'a ce ta fi suna? Ku ajiye wannan tukuna. Abin da zai yanke muku hukunci shi ne wanda zai ɗauki nauyin karatun, da kuma darussan da ke rubuce a takardar sakamakonku.

Jamus ce ta fi arhar karatu, amma tana son ganin kuɗi a hannu. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai kuɗin hidima na kowace semesta, yuro 100 zuwa 400, wanda a wurare da dama ya haɗa da tikitin bas da jirgin ƙasa. Akwai togiya biyu da ya kamata ku sani. Jihar Baden-Württemberg, inda Stuttgart da Karlsruhe suke, tana karɓar yuro 1,500 a semesta daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017. Jami'ar fasaha ta Munich ma ta fara karɓa a 2024, yuro 4,000 zuwa 6,000 a semesta ga masu digiri na biyu. Kafin ofishin jakadanci a Accra ya ba da biza, galibi sai mutum ya zuba kuɗin zaman shekara guda a wani asusu da ake kullewa. Tun Satumbar 2024 kuɗin ya zama yuro 11,904, ana sakar wa ɗalibi 992 duk wata. Ku lissafa shi da sidi a farashin ranar kafin ku gaya wa Baba cewa karatun kyauta ne.

Wannan 992 ɗin tana isa a Chemnitz ko Magdeburg, inda ɗakin ɗalibai ke kaiwa yuro 300 ko ƙasa da haka. A Munich haya kaɗai na iya cinye fiye da rabinta. Abin da ya fi gida sauƙi shi ne ba a biyan hayar shekara ɗaya ko biyu gaba ɗaya kamar yadda masu gidajen Kumasi ke nema. Kuɗin ajiya ne kawai, wanda doka ta hana ya wuce hayar wata uku. Abin da ya fi gida tsada shi ne inshorar lafiya, dole ce, wajen yuro 120 zuwa 150 a wata, kuma wanda ya cika shekara 30 ya fita daga farashin ɗalibai. Naman halal ba ya wahala, shagunan Turkawa suna ko'ina. Doya ce dai sai an daure, a shagunan 'yan Afirka ake samun ta, da kilo ake aunawa. Doka ta ba ɗalibi damar aikin kwana 140 cikakku ko rabin yini 280 a shekara, bayan kammalawa kuma wata 18 na neman aiki.

Inda 'yan Ghana suka fi faɗuwa a nan ba kuɗi ba ne. Jami'ar Jamus ba ta kallon sunan digiri, darussa take ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Kowane shiri yana da takardar ƙa'idoji da ke cewa ana buƙatar kiredit (wato nauyin darasi) kaza a lissafi, kaza a makanikanci, kaza a ilimin zafi ko na sarrafa na'ura, da ma'aunin Turai da ake kira ECTS. Wanda ya karanta injiniyancin gona ya nemi shirin mutum-mutumin inji, ko da ya fita da daraja ta ɗaya, za a mayar masa da takardarsa idan lissafinsa bai cika ba. Jami'o'i irin RWTH Aachen suna da tsauri ƙwarai kan haka. Maganinsa shi ne ku je sashenku ku karɓi bayanin kowane darasi, abin da aka koyar da sa'o'in da aka yi, da hatimin jami'a, sannan ku jera su gefe da gefe da abin da shirin ya nema. Idan giɓin ya yi yawa, ku bar wannan shirin, kada ku yi asarar kuɗin fom. Yawancin fom ɗin ta uni-assist ake bi, wato cibiyar da ke tantance wa jami'o'in Jamus takardun baƙi, yuro 75 na farko, 30 ga kowane ƙari a semesta guda, kuma tantancewarsu tana ɗaukar makonni. Ranar 15 ga Yuli ce aka fi sani ga masu shiga a Oktoba, amma shirye-shiryen injiniyanci da yawa na Turanci suna rufe wa baƙi tun Maris ko kafin nan.

Sai maganar maki. A KNUST wanda ya samu matsakaicin maki 70 ya yi daraja ta ɗaya, 60 zuwa 69 kuma ta biyu babba. A Jamus 1.0 ne mafi kyau, 4.0 ne iyakar cin jarrabawa, kuma shirye-shirye da dama suna neman 2.5. Idan mai juya makin ya ɗauki 100 a matsayin ƙololuwa, 40 a matsayin na wucewa, to 70 ɗinku 2.5 zai zama cif, 65 kuma ya faɗa 2.75. A Amurka abin ya fi muni, domin can 68 maki ne na wanda ya tsallake da ƙyar. Don haka kada takardar sakamako ta tafi ita kaɗai. A haɗa ta da bayanin tsarin maki na jami'a, a kuma roƙi malamin da zai rubuta wasiƙar shaida ya faɗi matsayin ɗalibin a ajinsa.

Amurka a takarda ta fi ko'ina tsada, amma ita ce ƙasar da talaka mai ƙwaƙwalwa zai iya zuwa ba tare da an sayar da fili ba. Sirrin shi ne aikin taimaka wa farfesa a bincike ko a koyarwa: ana yafe kuɗin makaranta, a biya albashin wata a kan aikin sa'a 20 a mako. Wannan kuɗin ya fi zuwa ga masu neman digiri na uku, kuma can ana shiga digiri na uku kai tsaye daga na farko, abin da yawancin yaranmu ba su sani ba. Kuɗin kuma sau da yawa daga aljihun binciken farfesa yake fitowa, saboda haka malami za ku zaɓa kafin makaranta. Ku karanta takardunsa biyu ko uku na baya-bayan nan, ku rubuta masa imel gajere: ga aikin da na yi a shekarar ƙarshe, ga manhajar da na iya, MATLAB ce ko ANSYS ko Python, ga inda ya haɗu da naka. Wasiƙa ɗaya da aka watsa wa malamai hamsin ana gane ta daga layin farko. Yawancin fom ana rufewa a Disamba ko Janairu. Bayan an ɗauke ka akwai dala 350 ta SEVIS, rajistar ɗalibai baƙi ta gwamnatin Amurka, da 185 ta biza. Jarrabawar GRE, ta masu neman shiga digiri na biyu ko na uku, ta ragu zuwa ƙasa da sa'a biyu tun 2023, sassa da yawa ma sun daina nemanta, sai ku duba kafin ku biya. Injiniya yana samun izinin aiki na wata 12 bayan karatu, da ƙarin wata 24. EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka kan harkar karatu a can, tana da masu ba da shawara a Accra da Kumasi, ku je wurinsu.

Kanada tana da tarko ɗaya a cikin suna. MASc digirin bincike ne, da malami mai kula da kai, galibi da tallafi. MEng darussa ne zalla, kai za ka biya. Ingila kuwa shekara ɗaya ce a gama, amma kuɗin makaranta na injiniyanci yakan haura fam 20,000, ga kuɗin lafiya fam 776 a shekara, ga gwajin tarin fuka kafin biza, kuma tun Janairun 2024 mai irin wannan digirin ba ya tafiya da iyali. A ganinmu, in ba da tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, Chevening ko Commonwealth, ba, ɗan zango bai kamata ya fara da ita ba.

Tallafin DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, na shirye-shiryen da suka shafi ci gaban ƙasashe, kamar ruwa da makamashi, yana neman aikin shekara biyu bayan digiri, Chevening ma haka. Wanda ya gama hidimar ƙasa ya samu aiki a ma'aikatar ruwa, ko kamfanin wuta, ko wurin haƙar ma'adinai, kada ya ɗauka lokaci yake ɓatawa; ya riƙe takardun ɗaukar aiki da kwanan wata a jiki. Erasmus Mundus, tallafin Tarayyar Turai, ba ta cika neman wannan ba, tana biyan yuro 1,400 a wata, sai dai masu nema sun yi yawa.

Dillalan da ke cewa za su samo muku gurbi, babu abin da suke yi da ba za ku iya yi da wayarku ba. Mafi haɗari shi ne takardar banki ta aro, domin idan aka gano ta, sunanku ya ɓaci a wannan ofishin jakadancin na shekaru.

Mai son shiga a Satumba ko Oktoba ya fara tun wata goma sha biyu zuwa sha biyar kafin nan. Fasfo da takardun jami'a su ne farko, don su ne ba a hannunku suke ba. Wasu jami'o'in suna karɓar wasiƙar KNUST da ke cewa da Turanci aka koyar da ku, wasu sai jarrabawar Turanci ta IELTS, galibi maki 6.5, kuma sakamakon shekara biyu yake yi, kada a yi shi da wuri har ya mutu. Malamai uku masu rubuta shaida a sanar da su wata biyu kafin ranar rufewa, a tura musu takardar tarihin karatu da jerin ranakun. Mai nufin Jamus ya fara Jamusanci a Goethe-Institut, cibiyar koyar da harshen, ko da shirinsa na Turanci ne, domin kamfanonin da ke ɗaukar ɗalibai aiki sun fi son wanda ya kai B1, wato matsakaicin mataki a Jamusanci. Da zarar takardar shiga ta fito, a ranar a nemi layin biza, kujerun ganawa suna cika tun kafin damina ta yi nisa. A gaida su Hajiya da duk mutanen gida.