Sharhi kan kayan fatsar ƙwaron jabu na 'yan koyo da na saya a Ingila

Kayan da nake son yin magana a kansu irin waɗanda ake sayarwa a haɗe ne cikin jaka guda: sanda mai tsawon ƙafa 9 da ake harhaɗawa daga gaɓoɓi huɗu, da kwarkwaron naɗe zare, da zaren jifa mai lamba 6, da siririn zaren da ake ɗaura ƙugiya a kansa, da ɗan akwatin ƙwarin jabu. Na yi amfani da su tun daga watan Afrilu har zuwa ƙarshen kaka, galibi a gaɓar tafkin Rutland, inda ake zuba kifin tarawut (trout, wani kifin ruwan sanyi) domin masu fatsa. Hukuncina shi ne sandar ta ci kuɗinta, amma zaren jifar bai kai ba, alhali a wannan salon kamun kifi zaren ne ke ɗauke da aikin.

Wanda ya saba fatsa da tana da dalma ya san cewa nauyin dalmar ne ke jan zare zuwa tsakiyar ruwa. A nan babu dalma, kuma ƙwaron da aka ƙera da gashin tsuntsu da zare a kan ƙugiya ba shi da nauyin da za a iya jefa shi. Saboda haka zaren kansa ake yi wa nauyi, shi ake jefawa, ƙwaron ya bi shi. Lambar da ke jikin zaren tana nuna nauyin ƙafa 30 na farkonsa, wanda a lamba 6 ya ɗan haura giram 10, kuma wajibi ne ta dace da lambar da aka rubuta a jikin sanda kusa da mariƙi.

Zaren da ya zo cikin jakar yana fitowa daga kwarkwaro a murɗe, musamman da sanyin safiya, ya kwanta a kan ruwa zobe-zobe maimakon ya miƙe. Illar hakan babba ce, domin idan kifi ya taɓa ƙwaron, motsin yana ɓacewa cikin waɗannan lanƙwashe-lanƙwashen kafin ya iso yatsun mutum. Jan zaren tsakanin hannu biyu, gaba bayan gaba, kafin a fara jifa yana rage matsalar, haka nan goge shi da tsumma da ruwan ɗumi, amma kafin tsakiyar bazara bakinsa ya fara nutsewa duk da cewa zare ne da aka yi shi don ya yi iyo. Da na sauya shi da wani mai inganci, wanda nauyinsa ke tattare a gaba, sai sandar ta nuna abin da za ta iya. Ina ganin bai dace a sayar wa ɗan koyo zare irin wannan ba, domin zai ɗora laifin a kan hannunsa, wataƙila ma ya haƙura da abin gaba ɗaya.

Ita kuwa sandar tana lanƙwasa har zuwa tsakiyarta, ba a kanta kaɗai ba, kuma wannan alheri ne ga mai koyo, saboda yana jin lokacin da zare ya gama miƙewa a bayansa. Sirrin jifar yana cikin wannan ɗan jiran. Ana ɗaga sandar da saurin da ke ƙaruwa, a tsayar da ita cak jim kaɗan bayan ta wuce saitin kunne, a dakata zaren ya miƙe a baya, sannan a tura ta gaba a sake tsayarwa. Duk wanda ya ji ƙara kamar ta bulala a bayansa, to ya yi gaggawa, kuma sau da yawa ƙwaron ya riga ya tsinke. Ya fi kyau a koyi wannan a kan ciyawa, da guntun ulu a madadin ƙugiya. A bakin ruwa kuma hula da tabarau ba ado ba ne, kariyar ido ce, kuma idan iska tana bugowa ta ɓangaren hannun da ke jifa, gara a sauya gaɓa da a bar ƙugiya tana wucewa ta gaban fuska. Gaɓoɓin sandar sukan saki bayan an daɗe ana jifa, don haka nakan shafa musu ɗan kakin kyandir, in riƙa duba su lokaci-lokaci.

Kwarkwaron ba shi da abin yabo ko na zargi. Yana riƙe zare, birkinsa kuma ya ishi kifin tafki.

Ƙwarin da ke cikin akwatin yawancinsu masu ƙyalli ne da ke ɗaukar idon mai saye. Wanda ya fi kama mini kifi shi ne mafi ƙarancin ado, wato Pheasant Tail, wanda Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon, ya ƙirƙira da gashin wutsiyar tsuntsu da siririyar wayar tagulla. Yana kwaikwayon 'ya'yan ƙwarin da ke rayuwa a ƙarƙashin ruwa, inda tarawut ke samun mafi yawan abincinsa. Bayan jifa nakan ƙirga daƙiƙu kafin in fara ja, in ƙara ƙirgar a jifa ta gaba, har in gano zurfin da kifin yake, sannan in riƙa tattaro zaren a hankali cikin tafin hannu. Ƙulli kuma a jiƙa shi kafin a tsuke, domin zafin gogayya yana raunana siririn zaren. Na danne ƙayar kowace ƙugiya da filaya, abin da ke sauƙaƙa cire ta daga bakin kifin da za a mayar, kuma ana jiƙa hannu kafin a taɓa shi saboda kada a goge santsin da ke kare fatarsa.

Mai niyyar saye ya sa kuɗin sabon zare cikin lissafinsa tun farko, tare da lasisin fatsa da doka ta wajabta a Ingila ga duk wanda ya kai shekara 13, da kuma tikitin tafkin, wanda ake biya daban. Kada kuma ya yi tsammanin waɗannan kayan za su yi masa aiki a ko'ina. Masu bin giwan ruwa da wannan salon a kogin Faro na Kamaru sanda mai lamba 12 suke riƙewa, kuma ko tsage sai an sa masa guntuwar waya a gaban ƙugiya, in ba haka ba haƙoransa za su datse zaren a cizon farko.