Gargaɗi ga masu injin yankan itace: kada yoyon mai ya sa a cire muku famfo

'Yan'uwa masu aikin yankan itace da tsaga katako, ku yi hattara da wasu masu gyara da ke cin kuɗin mutane da sunan yoyon man sarƙa. Kana kai musu inji ka ce ka tashi da safe ka tarar da mai a ƙarƙashinsa, kafin su kwance ko noti ɗaya sai su ce famfon da ke tura wa sarƙa mai ya mutu. Su karɓi kuɗin sabo, su cire maka na asali mai lafiya, su ɗaura na jabu. Naka kuma a wanke shi da fetur a sayar wa wani. An fi yi wa masu injinan kamfanin Stihl da Husqvarna haka, domin kayansu na asali suna da tsada, jabunsu kuma ya cika kasuwa, har da kwali mai kama da na kamfani.

Famfon da ya mutu, galibi hana mai fitowa yake yi. Alamarsa sarƙa ta bushe, ta yi zafi, wani lokaci har hayaƙi, ta riƙa dakushewa da wuri. Aikin famfo sai inji na tafiya, to me zai tura bayan an kashe inji an jingine shi? Man da kake gani a ƙasa yawanci ragowar wanda ya maƙale ne a ramin ƙarfen da sarƙa ke zagayawa da cikin murfin kulochi, yana tsiyaya a hankali. Kowane inji na yin haka, har sabo dal. Ga kuma zafi: idan rana ta gasa injin, sai iskar da ke cikin tankin man sarƙa ta matsa mai ya fito. Idan yoyon ya yi yawa, a duba robar murfin tanki da tiyon da ke ɗauko mai zuwa famfo, don suna tsagewa in sun tsufa. Kuɗinsu bai kai ko kusa da na famfo ba.

Kafin ka je wurin kowa, cire ƙarfen da sarƙar, goge injin tas, sassauta murfin tankin iska ta fita ka mayar ka ɗaure, sannan ka ɗora shi a kan kwali ya kwana. Inda ɗigon ya sauka zai nuna maka daga ina yake. Shi kuma famfo, mayar da komai ka tayar da injin, ka saita bakin ƙarfen kusa da kututture mai haske ba tare da ya taɓa ba, ka ba shi wuta. In ka ga layin mai ya fantsama, famfonka lafiya lau yake.

Akwai kuma masu tallar wani mai a gora, wai na musamman ne mai tsayar da yoyo. Shinshina shi, ka murza a yatsa. Baƙin man mota ne da aka tace, kuma ƙurar ƙarfen da ke cikinsa ita ce ke cinye famfon da gaske. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yawancin waɗanda ake cuta bashi suka ci suka sayi injin, da shi suke ciyar da iyali.

In har gyaran ya zama dole, tsaya a kwance injin a gabanka, ka sa wa famfonka alama da ƙusa tun kafin a taɓa shi, kuma duk abin da aka cire a miƙo maka shi a hannu.