Strava da keke mai batir: sharhin wanda ya hau iri biyun

Na daɗe ina amfani da Strava, tun ina taka keken tsere da ƙarfin cinyata har zuwa yanzu da gwiwar dama ta fara ƙorafi, na sayi keke mai batir ina haɗawa. Don haka rigimar da ake tafkawa tsakanin masu gumi da masu caji, kowane ɓangare na zauna a cikinsa, na san abin da ke yi wa kowa zafi. A kudancin Landan nake zaune, kuma yawancin hawana na ranar Asabar ne tare da wasu 'yan uwa, mu nufi tuddan Surrey mu dawo kafin azahar.

Ga wanda bai san manhajar ba, Mark Gainey da Michael Horvath ne suka kafa ta a 2009 a San Francisco ta Amurka. Aikinta shi ne ta bi sawunka ta GPS na waya ko agogo, ta rubuta inda ka bi, nisan da ka ci, gudunka da tsayin tudun da ka hau. Manhajoji da yawa suna yin wannan. Abin da ya sa mutane suka manne mata shi ne yadda ake yanka hanya gunduwa-gunduwa, kowane yanki da allonsa na jerin gwanaye. Duk wanda ya bi ta wurin, ko bara ko jiya, lokacinsa yana nan a jere. Na kan gaba shi ake ɗora wa ɗan kambun zinare, a kira shi KOM, mace kuma QOM, sarki da sarauniyar hawa ke nan. Ba ko sisi a ciki. Amma na ga magidanci mai furfura ya tashi kafin asuba, ya duba inda iska ta dosa, don kawai ya ƙwato kambun wani lungu da bai kai kilomita ɗaya ba.

Wurin da muka fi zuwa shi ne Box Hill, wani tudu a Surrey. Hawan bai da wani tsanani, kusan kilomita biyu da rabi ne mai kwana-kwana, amma tun da aka bi ta nan a tseren Olympics na 2012, maza sau tara, mata sau biyu, ya zama wurin da kowa ke son gwada kansa. Kambun nan ba na irinmu ba ne, ƙwararru sun riƙe shi. Mu namu tseren a ƙananan tuddan da ke kewaye yake, inda mutum zai iya shiga goman farko idan ya dage.

A nan keken batir ke shigowa, kuma akwai abin da masu zagi ba su cika fahimta ba. Dokar Ingila, kamar ta Tarayyar Turai, ta ce injin kada ƙarfinsa ya wuce wat 250 (wat ma'aunin ƙarfi ne), kuma dole ya daina taimako da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, ayarinmu na yin 30 zuwa sama ba tare da wani haki ba. Ranar da na fito da mai batir, a irin wannan wuri ni ne abin tausayi: inji ya yi shiru, ni kuma ina jan ƙarfe mai nauyin fiye da kilo ashirin, samari suna waiwaye suna jirana. Sai an zo gindin tudu labari ke juyawa. Mai hawan ƙarshen mako irina, idan ya riƙe wat ɗari biyu na tsawon mintuna ya yi ƙoƙari. Ka ƙara masa ƙarfin inji a kan nasa, ya zama mutum biyu a sirdi ɗaya. Tudun da nake hawa da gudun kilomita goma sha biyu a awa ina cije baki, da batir sai in haye da ashirin da wani abu, ina hira. Saboda haka ɓarnar keken batir a kan allo ba ko'ina take ba. A kan hawa take, sai kuma wurin da iska ke dukan ƙirji, kuma su ne daidai wuraren da mahaya suka fi ɗauka da daraja.

Akwai wani yaro a ayarinmu, ɗan wata ƙanwata, wanda ya shafe damina guda yana fama da wani ɗan tudu mai tsini har ya kai na uku. Wata Asabar muna zaune a kan benci muna shan shayi, ya miƙo mini waya fuska a murtuke.

"Kawu, dubi wannan don Allah. An turo ni na huɗu."

Na karɓa na buɗe hawan mutumin da ya shige gabansa. Layin gudunsa a miƙe yake tun daga gindin tudu har ƙoli, 24, 25, 24, kamar an ja da rula, ga bugun zuciyarsa bai wuce na mai tafiyar kasuwa ba. A hawan ɗan Adam gudu kan zube inda tudu ya yi tsini, zuciya kuma ta hau sama. Ban gama nazari ba yaron ya zame hoton da mutumin ya ɗora da kansa: keke jingine da shinge, ƙaton batir baƙi a jikin bututun ƙasa, da kwandon cefane a baya.

"To ai bai ma ɓoye ba," na ce. "Kai ƙara kawai, ɗana."

Ya kai, aka cire hawan daga allo, ya koma matsayinsa. Amma ransa ya riga ya ɓaci, kuma ban ga laifinsa ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, shi kuwa wancan caji kawai ya yi.

A gaskiya manhajar ta tanadi mafita tun tuni. Cikin jerin nau'in motsa jiki akwai E-Bike Ride, daga baya aka ƙara na keken dutse mai batir. Idan ka zaɓe shi, hawanka ba ya taɓa allon masu taka feda zalla, yana tafiya nasa allon daban. Ko ka manta, za ka iya gyarawa bayan ka dawo gida, aikin daƙiƙa kaɗan ne. Ga kuma hanyar kai ƙara da na ambata. A 2025 kamfanin ya sanar da cewa ya sa na'ura mai koyon hali tana tantance hawan da ba na ƙarfin mutum ba ne, kuma ya share miliyoyin sakamako daga allunan, ciki har da na masu mantawa su kashe waya su shiga mota. A 'yan tuddanmu na ga bambanci, lokutan nan na hauka sun ragu sosai. Sai dai mai wayo, wanda zai sa injin a mataki mafi ƙasa ya ɗan riƙa tura shi, ya kuma bar maɗaurin auna bugun zuciya a gida, ba na jin akwai na'urar da za ta kama shi kullum. Gudunsa bai fita daga abin da ƙaƙƙarfan mutum zai iya ba. A ƙarshe allon nan a kan amana yake tsaye.

Na lura masu shiga allon da ba nasu ba iri biyu ne, kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Mafi yawansu ba su ma san akwai wani kambu ba. Ma'aikaciyar asibiti ce mai zuwa aiki, ko dattijon da likita ya ce ya riƙa motsa jiki, ɗansa ya saka masa manhaja ya danna maɓallin farko da ya gani. Irin waɗannan kalma ɗaya mai daɗi a ƙarƙashin hawansu ta isa, sau da yawa har godiya suke yi. 'Yan kaɗan ne ke yi da gangan, kuma wannan hali ya girmi Strava a zukatan mutane. A gasar tseren keke ta duniya ta 2016 a Zolder ta Beljiyam an samu inji ɓoye cikin keken Femke Van den Driessche, hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta dakatar da ita shekara shida. Idan ana yi a gaban alƙalai da kyamarori, ina ga lungun da babu mai kallo?

Inda ni ban gamsu ba shi ne allon masu batir kansa. Yankunan ba su kai na keken gargajiya yawa ba, mahayan da ke ciki kaɗan ne, kuma ban san me kambun yake aunawa ba. Injin kamfanin Bosch kaɗai yana da matakan taimako daga Eco mai sauƙi har Turbo mai ƙarfi, kuma allo bai damu da wanda ka sa ba. Wani kekensa na bin doka, wani ya cire takunkumin gudu a ɓoye, a Amurka kuwa akwai ajin da doka ta yarda ya taimaka har kilomita 45 a awa. Na taɓa samun kambu biyu a wannan allo ba tare da na nema ba, ban ko gaya wa kowa ba, don abin bai yi mini ɗanɗanon komai ba. Tsere ne na wanda ya fi kuɗin sayen inji. Da za a tambaye ni, mai batir ya fi amfana da lambar Local Legend, wadda aka fito da ita a 2020, ana ba wanda ya fi kowa yawan bin wani yanki cikin kwana 90. Wannan naci take aunawa, kuma batir ba ya tashin mutum daga gado ranar sanyi.

Sauran abubuwan manhajar ba su da wata matsala a wurina. Taswira tana da kyau, haɗa ta da agogo ko na'urar kan keke ba wuya, kuma jinjinar da abokai ke aiko wa mutum bayan hawa tana ƙara ƙwarin gwiwa fiye da yadda nake son amsawa. Shawara ɗaya: ka shiga saituna ka ɓoye farkon hanya da ƙarshenta. Keken batir kuɗi ne masu yawa, bai kamata ka zana wa ɓarawo hanyar ƙofar gidanka ba.

Batun biya kuwa, tun 2020 cikakken allo na masu biyan kuɗin wata ne, mai amfani kyauta goman farko kawai yake gani. Idan keken tsere kake hawa kuma kana son sanin matsayinka tsakanin sa'anninka, kuɗin sun cancanta. Idan batir kaɗai gare ka, na kyautar ya ishe ka, ka ajiye kuɗin don sabon birki, domin nauyin keken nan yana cin birki da wuri. Ni dai har yanzu ina biya saboda ranakun da gwiwa ta bar ni na hau tsohon kekena. Ranakun batir kuma, kafin in fita daga ƙofa nake canja nau'in hawa, sannan in faɗa wa samari tun a mahaɗa cewa yau da caji na zo, kada wani ya fasa ƙirjinsa wajen bin bayana a kan tudu.