Koshari ko ful da ta'amiya a Alƙahira?

Ni dai da na je Alƙahira abinci 2 ne suka riƙe ni. Koshari wallahi hargitsi ne a kwano ɗaya, shinkafa, taliya, makaroni, adas (wani irin ƙaramin wake), miyar tumatir da soyayyar albasa a sama, ka zuba shatta, wato yajinsu na barkono, ka ji kunnenka na hayaƙi, kuma babu nama ko ƙwalli amma sai ka wuni ba ka nemi komai ba. Ful kuwa wake ne da ya dahu luguf, da safe ake cinsa da burodi. Ta'amiyar nan ƙosai ce kawai, sai dai cikinta kore saboda ganye. In yawon kasuwar Khan el-Khalili zan yi, koshari nake ɗurawa, ful barci yake sa ni.