Gargaɗi ga masu motoci a Damagaram: a kula da masu tallan rediyon mota na hannu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai wata cuta da ta yi yawa a harkar rediyon mota na hannu, kuma waɗanda ta fi ci su ne masu son su sayo su sa abinsu da kansu a ƙofar gida. Ni aikina gyaran wutar mota ne, wurina ake kawo motar bayan ɓarna ta riga ta auku, shi ya sa na ga gara in yi magana. Ba ciniki nake nema ba. Sa rediyo aiki ne da duk mai natsuwa zai iya, masifar tana wurin saye.

Ga yadda abin yake tafiya. Za ka ga hoto a wani zauren WhatsApp ko a Facebook: rediyo mai babban allo, a kunne, da Bluetooth da kamarar baya, an rubuta "na asali, cirewar Beljiyam, ba a taɓa kwance shi ba". Kuɗin bai kai na shago ba. Mai shi ba ya da rumfa a Kasuwar Dole ko a wani wuri da za ka koma ka same shi gobe, sai dai ya ce ku haɗu bakin tasha, ko ya aiko yaro a kan kabu-kabu. Wani kuma ya ce yana Kano ko Maraɗi ko Yamai, ka tura rabin kuɗi ya sa maka a motar safe. Wannan na biyun tsohon salo ne, kowa ya san ba a cinikin biri a sama, ba sai na tsaya a kansa ba.

Wanda ya fi ɗaure kai shi ne na ido da ido, domin mai saye yana tafiya da yaƙinin cewa ya gwada. Mutumin yana zuwa da ɗan batirin babur a leda. Ya ɗora wayoyi biyu a kai, allo ya haska, tambarin kamfanin mota ya fito, nan take ya ɗauke hannu. "Alhaji, ai ka gani da idonka, ya kama." Gaskiya ne ya kama. Sai dai tambarin shi ne abin da ke fara fitowa a kowane rediyo, lafiyayye ko kullalle. Da ya bar wayoyin na rabin minti kawai, da ka ga abin da ke biye: rubutun CODE, ko SAFE, ko wani dogon rubutu da harshen Japan wanda babu maɓallin da zai kawar da shi.

Dalilin haka shi ne kamfanoni da yawa suna sa wa rediyonsu makullin hana sata. Da zarar an raba shi da batir, ba zai sake magana ba sai an sa masa lambar sirri. Na Renault da Ford da Volkswagen lamba 4 ce, na Honda da yawa lamba 5. Lambar tana cikin takardun motar da aka ciro shi, motar kuwa wataƙila an daɗe da yanka ta a wata ƙasa. Na Peugeot irin na 307 da 407 nasu salon daban ne: suna haddace lambar shasin motarsu, idan aka sa su a wata motar sai su riƙa yin ƙara tit, tit a kan waƙar har sai mai kwamfuta ya gyara lambar. Mutanenmu sun saki jiki ne saboda Toyota ta fi yawa a garin nan, kuma yawancin rediyon Toyota na motocin Turai da Amurka ba sa neman lamba. Amma na Japan da ke zuwa cikin kwantenar kayan gyara ta Dubai, masu allo da taswira, da yawansu ba sa tashi sam idan babu katin SD na taswirar da suka zo da shi, wasu kuma suna da tasu lambar kullewa. Buɗe ɗan murfin da ke ƙasan allon ka leƙa. Idan ramin katin fanko ne, ka san inda aka dosa.

Daga nan sai zagaye na biyu na cutar. Ka kira mai sayarwa, ya ce kai, wallahi bai lura ba, amma yana da wani yaro gwanin buɗe lamba, zai turo maka lambar wayarsa. Yaron ya ce ka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin rediyon, ka tura masa jika 5 ko jika 10. Ka tura, ya aiko da lamba, ba ta yi ba. Ya ce a ƙara wani abu ya "shiga babban tsari". Sau da yawa shi da mai sayarwar bakinsu ɗaya, wani lokacin ma mutum ɗaya ne da layi biyu. Kuma duk lambar ƙarya da ka danna ƙara kulle abin kake. Na Volkswagen idan ka yi kuskure sau 2 sai ka bar shi a kunne awa guda kafin ya yarda ka sake gwadawa, wasu kuma idan kuskuren ya yi yawa suna kullewa gaba ɗaya. Ba na cewa ba a samun lambar gaskiya daga lambar jikin rediyo, ana samu ga wasu tsofaffin samfura. Amma wannan aikin mai sayarwa ne ya yi kafin ya karɓi kuɗinka, ba naka ba bayan ka biya.

Abin da ya sa suka fi son mai sa wa da kansa kuwa, saboda amsarsu a shirye take. Da ka ce bai yi aiki ba, sai su ce: "Wa ya sa maka? Kai da kanka? To ai ka ƙona shi, maigida. Lafiya lau na ba ka a gaban mutane." Ba ka da shaida, ba ka da rasit, kuma a ranka kai ma ka fara zargin kanka. Idan ka riga ka yanke wayoyi ka naɗa leda, shi ke nan magana ta mutu.

Sai kuma wanda ya fi ba ni takaici, wato musaya. Za su ce ka kawo tsohon rediyonka na mota ka yi ciko kaɗan. Mutum yana ganin ya rabu da tsohon abu mai kaset ko faifai, bai san na asalin da ya fito da motar shi ne mai daraja ba. Ya dace da ramin, ya dace da soket, ya dace da maɓallan sitiyari, kuma ya jure zafin Afrilu da ƙurar hunturu shekara da shekaru bai ce uffan ba. Su kuma gobe za su sayar wa wani da shi a matsayin na asali, kuma a wannan karon ba ƙarya suka yi ba. Ranar da ka tashi sayar da motar, dillali zai leƙa ya ga gaban mota a fashe da baƙon rediyo, ya rage maka kuɗi.

Akwai kuma waɗanda suke kunnuwa ƙalau amma ba na ƙasarmu ba ne. Zangon FM da tashoshinmu suke kai daga 87.5 ne zuwa 108. Na Japan daga 76 yake farawa ya tsaya a 90, sababbin ne suke kaiwa 95. Ma'ana duk tashar da lambarta ta wuce nan ba za ka taɓa jin ta ba, ko da kana tsaye a gindin eriyarta. Na Amurka yana da zangon daidai, amma tsalle yake yi: 88.1, 88.3, 88.5, ba ya taka lambar da ta ƙare da sifiri ko 2 ko 4 ko 6 ko 8. Tashar da ke kan cikakkiyar lamba sai dai ka tsaya kusa da ita ka ji ta da shuu. Saboda haka kafin ka fita, rubuta lambobin tashoshin da kake saurare, Anfani ne ko Shukura ko Muryar Sahel, ka nemo su ɗaya bayan ɗaya da hannunka. Mai sayarwa zai so ya sa maka waƙa daga wayarsa ta Bluetooth ya ƙure murya, kada ka bari ta ɗauke maka hankali.

Masu allon Android na China kuwa nasu ƙaryar a rubuce take cikin na'urar. Ka shiga saituna ka ga Android 12 ko 13 da ƙwaƙwalwa giga 4, alhali a ciki tsohon Android 8.1 ne ko 9 da giga 1. An gyara rubutun ne kawai. Manhaja irin AIDA64 tana tona asirin: duba lambar API, wato lambar da ke nuna ainihin Android ɗin da ke ciki, 27 na Android 8.1 ne, 28 na 9, 29 na 10, 31 na 12, 33 na 13. Idan allo ya ce 13 amma API ya ce 27, ka ajiye musu abinsu. Haka rubutun 4x50W da ke jikin kwali, ƙarfin gaske da yake bayarwa a kai a kai bai fi kusan 20 ga kowace sifika ba, ko a manyan kamfanoni, don haka kada a ƙara maka kuɗi a kan wannan.

Ka kuma juya bayan rediyon ka dubi ƙusoshin soket da fitilar waya. Fari-fari ko kore-kore a jikinsu, ko tsatsa a kan sukurori, alamar ya sha ruwa ce. Motocin da ambaliya ta cinye a Amurka gwanjonsu ake yi, kayan cikinsu kuma suna yawo har su iso mana. Irin wannan yana iya yin sati yana aiki kafin ya fara ɗaukewa.

Gwajin da na yarda da shi guda ne: a motarka, a soket ɗinka, kuɗinka na aljihunka. A bar shi a kunne kamar minti 15 ya yi zafi. A ji sifika huɗun ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, hagu da dama. A taɓa kowace kusurwa ta allon. A kashe mota a sake tayarwa a ga ko ya riƙe tashoshin da aka ajiye. Sannan a cire kan batir a mayar, a ga ko zai nemi lamba, idan ya nema mai sayarwa ya danna ta a gabanka ya rubuta maka ita a takarda. Duk wanda ya ce sauri yake, ko wani Alhaji na jiran kayan a Zango, bar shi ya kai wa Alhajin. Ƴan kasuwa na gaskiya masu rumfa ba sa ƙin wannan gwajin, wasu ma su ne za su ce ka kawo motar.

Ka auna ramin tun a gida. Ma'aunin da aka saba da shi faɗin milimita 180 ne, tsayi 50 ga ƙarami, 100 ga mai hawa biyu. Toyota da yawa nasu faɗin 200 ne, shi ya sa kake ganin wasu motoci da giɓi hagu da dama an cusa kwali. Idan kuma motarka tana da rubutun JBL a jikin sifika ko rediyo, akwai amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, daban a ɓoye, kuma baƙon rediyo ba zai fitar da sauti ba sai da mahaɗin da ya dace. Nan ma sai a ce kai ka ƙona.

In ka zo sawa, fara cire kan batir na baƙar waya. Kada ka yanke soket ɗin motar ko da wasa, nemi mahaɗi mai kai biyu wanda zai shiga na mota ya shiga na rediyo, domin ranar da abin ya ƙi ka mayar da naka na asali cikin minti kaɗan. A rediyon kasuwa launukan sanannu ne: rawaya wutar batir ce ta dindindin, ja wutar makulli, baƙa ta jikin mota, shuɗiya ta eriya. Farar waya da mai ruwan toka na sifikun gaba ne, kore da shunayya na baya. Amma wayoyin cikin motar ba sa bin wannan tsarin, kowane kamfani da nasa, sai an auna da mita. A wasu motocin Volkswagen da Opel ma gurbin rawaya da ja a juye yake, shi ya sa rediyo ke mance tashoshi duk safiya. Masu gaggawa sai su murɗe ja da rawaya wuri guda su ba su wutar batir, rediyo ya kwana yana shan wuta, bayan kwana biyu a nemi masu turi. Idan fiyus ya ƙone, yawanci mai lamba 10 ne, a sa irinsa, ba zaren waya ko takardar sigari ba. Sannan duk soket mai ruwan rawaya gaba ɗayansa da ka gani a bayan gaban mota, na jakar iska ne, ba shi da alaƙa da rawayar wayar rediyo, kada mitarka ta kusance shi.

Rediyon da aka kawo maka wayoyinsa a datse da wuƙa, gefensa a lanƙwashe alamar an ɓanɓaro shi da ƙarfi, babu lamba, babu takarda, an kankare lambar jikinsa, wannan ba lallai daga Kwatano ya fito ba. Yana iya zama na motar wani a unguwar da ke kusa da taku, kuma a doka wanda aka kama da kayan sata a hannunsa shi ma yana da amsar da zai bayar. Wanda abin ya riga ya faɗa masa, kada ya goge hirar WhatsApp da saƙon murya, ya adana takardar tura kuɗin da lambar wayar da hoton tallan, ya kai komisariya tare da rediyon yadda yake, kada ya kwance shi kuma kada ya ƙara tura ko dala ga mai buɗe lamba.