Haɗin Ned ko sheki: wanne za a sayo maka don kogin Kaduna?

Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka yana hanyar dawowa daga Amurka, ya turo maka hoton kayan fatsa iri biyu ka zaɓa: ƙaramin kan dalma da guntun koton roba, da kuma wani mai babbar ƙugiya da doguwar tanar roba. Na farkon shi ake kira haɗin Ned, na biyun sheki. Tambayarka wanne zai yi maka aiki a nan.

Duka biyun don kifin bas aka yi su, shi kuwa bas kifin Amurka ta Arewa ne, ba namu ba. A can masu fatsa sun yi yawa, kifi ya ga koto iri-iri har ya waye, abin nan da ake cewa kifi na ganinka mai jar koma. Sai suka koma ga lallaɓa: siririn zare, ƙaramin nauyi, koton da ba ya hayaniya. Wannan salon yana son ruwa mai haske. Saboda haka daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da kogin Kaduna ya cika ya yi jawur, ajiye su ka koma ga tanarka ta gaske. Lokacinsu daga hunturu ne zuwa bazara, in ruwa ya ja baya, duwatsu suka fito.

Haɗin Ned ya samo sunansa daga Ned Kehde, wani marubucin harkar fatsa a jihar Kansas. Dalmarsa tana da siffar laimar kwaɗi, nauyinta galibi 1/16 zuwa 1/10 na oza, wato giram 1.8 zuwa 2.8. Ƙugiyar ƙarama ce, lamba 1 ko 2, siririya, tsininta a waje. Koton da aka fi sa masa shi ne TRD na kamfanin Z-Man, tsawonsa inci 2.75, kusan santimita 7. In ya sauka ƙasa dalmar ta zauna, wutsiyar ta miƙe tsaye, don robar ba ta nutsewa. Ba ya buƙatar gwaninta. Ka jefa, ka bari ya sauka, ka ɗan ja, ka tsaya. Yana kama kifi da yawa, amma yawancinsu ƙanana.

Sheki ya fi shi ƙarfi ta kowane gefe. Nauyi 1/8 zuwa 1/4 na oza, giram 3.5 zuwa 7. Ƙugiya 3/0 ko 4/0 (ka lura, 3/0 ta fi lamba 1 girma nesa ba kusa ba, lissafin lambobin ƙugiya a birkice yake). Tanar robar inci 4 zuwa 7. Ana maƙala kanta a jikin dalmar, sannan a tura tsinin ƙugiyar cikin jikinta a ɓoye shi. Ana barinsa a ƙasa ana girgiza bakin sanda a hankali, tanar tana rawa a wuri ɗaya.

Wannan ɓoye tsinin shi ne babban abin da ya raba su a wajenmu. Duk wanda ya leƙa kogin ta wajen Gamji ko Kabala da rani ya san yadda ƙasansa yake: duwatsu, saiwoyi, ledoji, ragowar kallin masunta. Ned da tsininsa a buɗe zai saƙale, ka tsinke zare, ka ɗaura wani, shi ma ya tafi. Kayan da aka ɗauko daga Amurka kuwa ba a Kasuwar Barci za ka sami madadinsu ba. Sheki yana ratsa irin wannan wuri ya fito, in dai ba dalmar ce ta shige tsakanin duwatsu biyu ba. Nauyinsa ma ya fi dacewa da ruwa mai gudu. Giram 2 a tsakiyar kogi sai ya yi ta tafiya bai taɓa ƙasa ba. Ned kuwa wurinsa ruwan da ke kwance ne, irin na dam ɗin Kangimi, ko gurbin da kogi ya bari a bayan dutse.

Sai kuma bakin kifin namu. Ƙaramin giwan ruwa maharbi ne irin bas, yana laɓewa a jikin dutse ya zuƙe abin da ya gifta, kuma bakinsa zai ɗauki ko wanne. Amma in ya kai kilo uku ko huɗu, siririyar ƙugiyar Ned tana iya miƙewa. Tufi yana cikin ciyawa, can sheki kaɗai ke shiga. Karfasa ba ta cika kula su ba, abincinta daban. Tsage kuwa kada ka sa shi a lissafi: ya fi bin abin da ke gudu a tsakiyar ruwa, kuma haƙoransa za su datse siririn zaren da ake wannan fatsa da shi, mai ɗaukar nauyin fam 6 ko 8, sai an sa waya.

Robar ma iri biyu ce. Ta gargajiya, musamman mai gishiri irin Senko na Yamamoto, tana nutsewa, tana da laushi, kifi biyu uku ta yage. Ta Z-Man, wadda suke kira ElaZtech, tana taso sama, tana miƙewa ba ta tsinke ba, guda ɗaya sai ta yi maka yini. Ga wanda zai jira shekara kafin a sake kawo masa, wannan ce. Aibinta ba ta yarda a murɗa ta a kan 'yar wayar nan mai lanƙwasa da ke jikin yawancin kawunan sheki. Ka ce wa ƙaninka ya nemo kan sheki mai ƙaya a wuya, ko ka ɗiga mata sufa gulu kaɗan.

Launi kada ya ɗauke maka hankali. Kore mai duhu don ruwa mai haske, baƙi don wanda ya ɗan gurɓace, fari ɗaya don kwaikwayon ƙananan kifi. Akwai kawunan tangistan, wani ƙarfe mai nauyi, sun fi dalma ƙanƙanta a nauyi ɗaya kuma sun fi isar da motsi hannu, sai dai tsada, kuma dutse ba ya tambayar farashi kafin ya riƙe. Dalma ta wadatar.

Ni dai da kuɗina ne, kashi biyu cikin uku sheki zan saya, 3/16 na oza da tanar inci 5, ragowar in sa a Ned mai kaurin ƙugiya, 1/10 ko 1/6. Ka gaya wa ƙanin naka kada ya juye robobin a leda ɗaya don rage kaya. ElaZtech in ta haɗu da robar gargajiya narkewa suke su manne, kowacce a bar ta cikin fakitinta. Kai ma in sun iso, kada ka bar su a cikin mota da zafin Afrilu.