Mashigin Sin da na Sharlaman: Me Ya Sa Ɗaya Ya Rayu, Ɗayan Ya Cike?

Malam, ka tambaya a zaure ko mutanen zamanin dā sun iya haɗa kogi da kogi ba tare da inji ba, kuma me ya sa wasu suka dace wasu suka kasa. Ayyuka biyu za su isa amsa.

A shekarar 793, Sarki Sharlaman na yammacin Turai, wanda ya yi zamani da Haruna Rashid, ya sa a haƙa mashigi, wato hanyar ruwa, na kimanin kilomita 3 a kudancin Jamus ta yau, tsakanin ƙoramar Rezat da kogin Altmühl, domin jiragen ruwa su riƙa tasowa daga kogin Rhine su faɗa kogin Danube. Wurin fadama ne, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, har marubutan fadarsa suka ce abin da aka haƙa da rana yakan zabtare da dare. Aka watsar da aikin. Haɗin da ake amfani da shi yau sai 1992 aka kammala shi.

A ƙasar Sin kuwa, Sarki Yang na daular Sui ya fara nasa a 605, ya haɗa Rawayen Kogi da kogin Huai da Yangtze. Kayan aikin ba su fi na Jamus ba, fartanya ce da kwando da ƙarfin talakawan da aka tilasta, waɗanda da yawansu suka halaka a bakin aikin. Amma shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta taimake shi, sannan hatsin haraji da ake kaiwa fada ya sa daulolin da suka biyo baya suka ci gaba da yashe mashigin.

A ganina, haƙa ba ita ce babbar wahala ba. Wahalar tana wajen tudu, domin ruwa ba ya hawa. Da farko Sinawa sukan ja jirgi bisa gangare da shanu da igiya, jirage suna farfashewa, kaya suna salwanta. A 984 wani jami'i, Qiao Weiyue, ya gina ƙofofin ruwa biyu kusa da juna: jirgi ya shiga tsakani, a rufe, a ƙara ruwa ko a rage shi har ya daidaita da na gaba. A 1411 kuma aka datse kogin Wen aka karkato ruwansa zuwa Nanwang, ƙololuwar mashigin, ya riƙa rabuwa kudu da arewa. Irin waɗannan ƙofofi ba su bayyana a Turai ba sai ƙarnoni bayan rasuwar Sharlaman.